Uba, Ɗa da Karatun Fiziks

Wani mai gyaran wutar mota, mazaunin Aboabo, ya shekara ashirin yana aiki a Magazin ta Suame. Sa'ad da ɗansa ya sami shiga Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda mutanen Kumasi ke kira Tek, domin karatun fiziks, sai ya fara ƙuntata wa kansa yana tara kuɗin makaranta.

Hutun farko yaron ya zo da littattafai, duk lissafi ne. Uban ya ce, "Kai, wannan nake biya wa kuɗi? Ina wutar?"

Masu tsara karatun kuwa suna da dalilinsu. Kafin gyaran ilimi na 1987, ɗalibin Gana kan shekara bakwai a sakandare, uku a jami'a. Bayan gyaran aka gajarta sakandare, digiri ya koma shekara huɗu, shekarar farko ta zama ta cike giɓi: lissafi da dokokin motsi na Newton. Ilimin lantarki da maganaɗisu ba ya zama a kan wanda lissafinsa bai nuna ba.

Amma uban ma bai yi kuskure duka ba.

A shekara ta uku yaron ya bayyana masa yadda kwayil ke ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai domin fulogi ya ba da tartsatsi, abin da Faraday ya gano tushensa a 1831. Tsohon ya yi shiru, gama bai taɓa jin dalilin ba. Sa'an nan ya miƙa masa waya biyu da dalma, ya ce ya haɗa. Sau uku haɗin yana ɓallewa.

Ya ce, "Gobe da asuba ka bi ni Suame."