Kalmar "Diligence" da Takardar Abokinmu

Tun muna 'yan firamare muka fara cin karo da kalmar nan ta Ingilishi, wato diligence, ko kuma 'yar'uwarta diligent. A ƙarshen kowane zango malami kan rubuta ta a ƙasan katin sakamakon jarrabawa, mu kai wa iyayenmu, su tambaye mu abin da aka ce, mu amsa musu da cewa, "An ce muna da ƙoƙari." Sai a sa mana albarka, magana ta ƙare. Ba mu taɓa zaton akwai ranar da za ta hana mu barci ba.

Ranar ta zo ne a shekararmu ta ƙarshe a jami'a, a nan Kudu. Wani abokin karatunmu, wanda kowa ya shaida shi ne farkon shiga laburare kuma shi ne ƙarshen fita, ya nemi gurbin ƙaro ilimi a Ingila. Malaminsa ya rubuta masa takardar shaida, ya ba shi kwafi, a ciki kuwa aka ce shi ɗalibi ne diligent. Muka yi ta taya shi murna, har aka aika Sabo aka sayo tsire. Ana cikin haka sai wani daga cikinmu, wanda ya daɗe yana hulɗa da Turawa, ya karanta takardar sau biyu, ya girgiza kai. Ya ce a irin waɗannan takardu, idan aka yabi mutum da wannan kalma ita kaɗai, ba a ambaci basira ko kaifin tunani ba, masu karantawa kan fahimci cewa yana dagewa ne kawai, amma kan bai kawo ba. Tsiren nan a gabanmu ya huce.

Washegari muka duƙufa kan ƙamus. Ashe kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga aikatau diligere, mai nufin a zaɓi abu, a daraja shi, a so shi. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Ke nan a tushenta so ne ke gaba, aiki na biye. Mai diligence shi ne wanda ke kula da aikinsa don yana ganin girmansa, kamar alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka, ya koma yana bin wasali da ɗigo ɗaya bayan ɗaya, alhali babu mai tsaye a kansa. Ina raini a cikin wannan?

Mun kuma tsinci wasu abubuwa a hanya. A Faransa ta ƙarni na 18, da wannan suna ake kiran babbar karusar dawaki mai jigilar fasinjoji tsakanin garuruwa, domin a can kalmar na ɗauke da ma'anar hanzari. Lauyoyi da ma'aikatan banki kuwa suna da tasu, due diligence, wato binciken da ya wajaba a yi kafin a sayi kamfani ko a zuba dukiya, lafazin da ya ƙara yaɗuwa bayan dokar hannayen jari ta Amurka ta 1933.

Inda gardama ta yi zafi shi ne wajen neman takwararta a Hausa. Wasu suka ce himma, suka kafa hujja da cewa himma ba ta ga raggo. To, amma himma, wadda muka aro daga Larabci, tana iya tashi da safe ta kwanta da la'asar. Aka ce naci, sai muka tuna cewa mai bin bashi ma naci gare shi, kuma ba a yabonsa. Tsanaki ya kamo kula amma ya bar daɗewa a kan aiki, juriya ta kamo daɗewar ta saki kular. Ƙwazo ya fi kusa, sai dai yana da ƙamshin kuzari da zafin nama wanda babu shi a waccan. A ganinmu sai an haɗa naci da tsanaki kafin a cika mudun.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne fassarar nan tamu ta ƙuruciya. Idan Bahaushe ya ce yaro yana da ƙoƙari a makaranta, nufinsa yaron na fahimtar karatu, yana cin jarrabawa. Bai raba dagewa da basira gida biyu ba, kalma ɗaya ya ba su. Masu karanta takardun can kuwa sun raba su, sun ɗora basira a kan karaga, sun bar dagewa a zaure. Mun daɗe muna tambayar kanmu wane ne ya fi dacewa da gaskiya, kuma zuciyarmu ta fi karkata ga iyayenmu, domin a shekara huɗu mun ga masu kaifin ƙwaƙwalwa da dama da suka kasa kammala kundin bincike.

Daga bisani abokin namu ya yi ta maza ya koma wurin malamin. Malam ya saurare shi har ya kai aya, ya ce, "Malam, a shekarun da na yi ina koyarwa, ɗalibai ƙalilan na rubuta wa wannan kalma." Sa'an nan ya jawo takardar, ya ƙara jimla biyu a kan binciken da ɗalibin ya yi game da karin harshen Hausawan Sabo. Kalmar kuwa ya ƙi goge ta, da ita aka rufe ambulan aka kai gidan waya.