Rawar Hoto a Sararin Damargu

Duk wanda ya taɓa ɗaga ɗan jirgi maras matuƙi a Tanut ya san wannan ɓacin rai. A allon wayar da ke hannunka komai tsaf yake. Sai ka koma gida ka buɗe bidiyon a kwamfuta, ka ga rumbuna suna lanƙwashewa suna miƙewa kamar inuwarsu ce a ruwan tabki da iska ta kaɗa. Titin Damagaram zuwa Agadas, wanda ka san a miƙe yake a wurin, ya kama lilo. Tun da na fara ɗaukar gonakin gero da rijiyoyin makiyaya daga sama nake fama da wannan rawa, kuma abin da na gano shi ne yawancin maganinta a ƙasa ake yin sa, kafin jirgin ya tashi.

Sai an fahimci yadda kyamarar ke gani kafin a san inda za a taɓa. Yawancin kyamarorin waɗannan jirage ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Layi-layi suke karanta shi, daga sama zuwa ƙasa. Idan kyamara ta girgiza tana cikin karatun, layin sama zai kama katanga a wani wuri, layin ƙasa ya kama ta ta ɗan gusa, sai katangar ta fito a karkace. Farfelar da ke juyawa sau 6,000 a minti ɗaya, in tana da nauyi a gefe guda, sau 100 take jijjiga jirgin a kowace daƙiƙa. Bidiyo kuwa hotuna 25 ko 30 ne a daƙiƙa. Ke nan kowane hoto yana shan jijjiga uku ko huɗu kafin na bayansa ya zo.

Don haka daga farfela nake farawa, kuma a nan ƙasarmu take da nata hali. Damargu ƙasar yashi ce, kuma a lokacin tashi da sauka ne jirgi ya fi cutuwa. Farfela tana hura iska ƙasa, yashi ya taso, ya riƙa cin bakinta kaɗan-kaɗan. Ido ba ya ganin wannan ci, amma in ka bi bakin da farce za ka ji kaushi. Ƙaramin tsagu a reshe ɗaya ya isa ya ɓata ma'auni. Farfelar da ta tsage ko ta lanƙwashe canza ta nake yi, ba na lallaɓa ta. A jiragen da mutum ya harhaɗa da kansa, masu manyan farfeloli, ana iya ɗora farfelar a kan siririn ƙarfe a ga wane reshe ne ke rinjaya, a manna ɗan guntun salatif a reshen da ya fi sauƙi har su tsaya daidai. Aikin yana son haƙuri, amma bambancin da yake kawowa ya fi na duk wani abin da za ka saya.

Shi ya sa tabarma ba ta rabuwa da kayana. Ina shimfiɗa ta, in danne kusurwoyinta da duwatsu, daga kanta jirgi ke tashi kuma a kanta yake sauka. Akwai masu cafe jirgin da hannu yana saukowa don gudun yashi. Ban ba kowa wannan shawara ba, domin farfela tana yanka yatsa.

Bayan farfela sai injinan da ke juya ta. A cikin kowane ɗaya akwai maganaɗisu, kuma ƙurar hunturu da ta shiga ba ta fita da sauƙi, musamman ɓurɓushin da ke da ƙarfe a ciki. Ina cire farfela in juya kowane inji da yatsa, kunnena kusa da shi. Lafiyayye yana juyawa sumul. Wanda yashi ya shiga yana ƙurus-ƙurus, wani lokaci har ka ji yana cijewa. Busa shi da ƴar robar hura iska da buroshi mai laushi yakan wadatar in an yi da wuri. In aka bari ya ci boris, ko sandar tsakiyar injin ta lanƙwashe bayan faɗuwa, to sai canji. A jirgin da aka harhaɗa, akwai dabara mai sauƙi: a cire farfeloli duka, a ɗora waya mai manhajar auna jijjiga a kan hannun jirgin, a kunna injinan ɗaya bayan ɗaya. Mai laifin zai nuna kansa.

Tsakanin jikin jirgi da kyamara akwai gimbal, wato ɗan hannun da ke riƙe kyamarar a tsaye ko da jirgin ya karkata. Gimbal ɗin yana rataye ne a kan wasu ƴan robobi masu laushi, su ne ke shanye ƙananan jijjigar da injinansa ba za su iya bi ba. Zafin bazara da bushewar hunturu suna busar da roba, ta ƙandare ko ta tsattsage, kuma robar da ta ƙandare miƙa jijjiga take yi kai tsaye. Ina duba su duk fita. Ina kuma duba ko siririyar wayar kyamara ta ɗame ko tana gogar jikin jirgi, domin ita ma hanya ce da jijjiga ke bi. Sai murfin gimbal: wanda zai hau babur daga Tanut zuwa wajen Belbeji ko Gangara a kan hanyar burji, kada ya sa jirgi a jaka ba murfin nan. Galabaitar hanya ta fi ta sama yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rawar da rana ke takawa. Hasken Damargu yana da ƙarfi, farin yashi kuma yana mayar da shi. In ka bar kyamara ta zaɓa wa kanta, za ta taƙaita lokacin shigar haske har zuwa 1/2000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. A wannan gaggawa kowane layi yana kama jijjigar a tsaye cak, shi ya sa rawar ta fi muni da tsakar rana. Masu sana'ar fim suna da ƙa'ida: in kana ɗaukar hotuna 25 a daƙiƙa, lokacin shigar haske ya zama 1/50, in 30 ne ya zama 1/60. A haka jijjigar kan narke a cikin hoton, motsi kuma ya yi laushi a ido. Hakan ba zai yiwu a ranarmu ba sai da baƙin gilashin da ake ɗora wa kyamara, wanda ake kira ND. Lambarsa tana nuna sau nawa yake rage haske: ND32 zai mayar da 1/2000 kusan 1/60. A nan ND32 da ND64 su ne na yau da kullum, ND8 da ND16 na safe ne da yamma. Gilashin ɓoye sauran jijjiga yake yi, farfelar da ta tsage kuwa tana nan da tsagunta.

Iska ba ta da magani sai zaɓen lokaci. Ƙananan jiragen DJI Mini, waɗanda nauyinsu bai kai giram 250 ba, an yi su ne don iskar da ba ta wuce kimanin mita 10 a daƙiƙa ba, kuma bujin hunturu yakan fi haka in rana ta ɗaga. Da azahar ɗin bazara ƙasa tana tura iska mai zafi sama, guguwa ta taso ba sallama. Bayan fitowar rana kaɗan, ko bayan la'asar sakaliya, nan ne sarari ke kwanciya, inuwar raƙuma ta yi tsawo, hoto ya yi kyau. A lokacin ma yatsa ya tafi a hankali: tafiya ɗaya miƙaƙƙiya, ba waiwaye barkatai.

Akwai abin da ya fi kyan hoto muhimmanci a wurina. Mutanen yankin nan sun san jirgi maras matuƙi ne ta labarin sansanin Amurka na Agadas, wanda sojojinta suka bari a 2024, kuma yanayin tsaro ya sa kowa a ankare yake. Ba na ɗaga jirgi sai da izinin hukuma da sanin mai gari. Ba na bi ta saman tsakar gidajen mutane, kuma a bakin rijiya ina hawa can sama, domin ƙarar tana firgita garke, makiyayin da ya sha wahalar tara dabbobinsa kuwa yana da haƙƙi.

Manhajojin gyara suna taimakawa. Gyroflow kyauta ce, tana amfani da bayanan motsin da kyamara ko jirgi ya adana ta daidaita tangaɗi, sai dai tana yanke gefen hoto, kuma rawar nan mai saurin gaske da farfela ke haifarwa ba kasafai take goguwa duka ba. Kayan gyara kuma ba a kusa suke ba, sai an yi saƙo Damagaram, Yamai ko Kano, a jira. Saboda haka duk sa'ad da na sami mai zuwa, farfeloli saiti biyu nake cewa a kawo mini, da robobin gimbal.