Zaɓen da Kowa Ya Ci a Wayarsa

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin Laraba, 1 ga Maris 2023, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar da cewa Bola Ahmed Tinubu ne ya lashe zaɓen shugaban ƙasa. Yawancin jama'a suna barci. Kafin a kira assalatu labarin ya shiga wayoyi, kafin hantsi kuma ƙasar ta rabu gida-gida. Ga masu murna, ga masu rantsuwa cewa fashi aka yi musu da rana tsaka, ga masu cewa haka Allah ya so. Akwai kuma waɗanda suka duba wayar suka mayar aljihu, suka nufi layin banki, domin a lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, kuma naira dubu biyu a hannu ta fi musu sunan kowane ɗan takara muhimmanci.

Wanda ya ga 2015 a Kano ya san wannan safiyar daban take. Ranar 31 ga Maris na waccan shekarar, da aka ji Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna, gari ya ɗinke. Tsintsiya a sama, wasan babura a kan titi, mutanen da ba su san juna ba suna rungumar juna. Wanda ya ga 2011 kuma ya san ɗaya fuskar, lokacin da sakamako ya zama wuta, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa goma sha biyu. A 2023 titunan Kano ba su ga irin wancan biki ba, kuma alhamdulillahi ba su ga irin waccan wuta ba. Hayaniyar duk ta koma cikin waya.

Ni sana'ata rubuta manhaja. Ilimin kwamfuta na karanta, kuma daga ɗakina a Kano nake aiki da abokai da yawancinsu ke Legas. Wannan ya sa a makon zaɓen nake zaune a zaure biyu na WhatsApp da suka yi hannun riga. A zauren dangi akwai Kawu, tsohon malamin makaranta, wanda ke bin Buhari tun zamanin ANPP, ya kuma bi jam'iyya zuwa ga Tinubu. Akwai Baffa a Kaduna, mutumin Atiku ne tun ba yau ba. Akwai ƙanina, wanda ko wanka zai shiga sai ya rataye jar hularsa inda zai gan ta. A zauren aiki kuwa kusan kowa na Peter Obi ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tun daren Asabar ɗin da aka kaɗa ƙuri'a, kowane ɗaya daga cikinsu ya riga ya ci zaɓe, kuma kowa da hujjarsa: hoton takardar sakamakon rumfarsa.

Da aka sanar da sakamako, ƙanina ne ya fara kirana. Ya ce, "Yaya, kai da ka san kwamfuta, don Allah faɗa min gaskiya. A rumfarmu Madugu ya ninka kowa. A rumfar su Umma ma haka. Yaya za a ce miliyan ɗaya da rabi kacal ya samu a duk Najeriya?"

Na ce masa abin da ya gani gaskiya ne. Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano, Tinubu ya biyo shi da 517,341. Amma jimillar Kwankwaso a ƙasa baki ɗaya 1,496,687 ce. Wato kashi biyu cikin uku na ƙuri'unsa daga jiha ɗaya suka fito, jihar da ƙanina yake tsaye yana leƙen duniya. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai ni ban san wanda ya zaɓi Tinubu ba sai Kawu."

Wannan maganar, "ban san wanda ya zaɓe shi ba", na ji ta a wannan makon da Hausa, na ji ta da Turanci, na ji ta da Turancin buroka. Kuma lissafi yana bayan masu faɗinta. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533. Wanda ya yi nasara bai kai kashi 37 cikin ɗari ba. Idan ka tara masu zaɓe goma, shida daga cikinsu wani suka zaɓa. Tinubu ya ci jihohi goma sha biyu, Atiku goma sha biyu, Obi goma sha ɗaya da Abuja, Kwankwaso ɗaya. Abin da ya ɗaga Tinubu shi ne zuwa na biyu a wurare da yawa da ƙuri'u masu kauri, kamar Kano da Katsina da ita kanta Legas, inda Obi ya kayar da shi da tazarar da ba ta kai dubu goma ba. Wanda ya zo na biyu a rumfarka ba ka riƙe shi a ka. Kana tuna wanda ya ci, ka yi ihu, ka ɗauki hoto, ka tafi gida.

Waya kuma ta ƙara wa abin gishiri. Facebook da Twitter da TikTok an gina su ne su riƙa kawo maka irin abin da ka tsaya ka kalla jiya. Na san yadda ake rubuta irin wannan tsarin, ba wani sihiri a ciki: ka so hoto ɗaya, a kawo maka goma irinsa. Abokin aikina na Legas ya yi wata shida yana ganin taron Obi kaɗai. Baffa ya yi wata shida yana jin saƙon murya cewa Arewa ta gama yanke shawara a kan Atiku. Kowa wayarsa ta nuna masa ƙasar da yake so, shi kuma ya ɗauka ita ce Najeriya.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce jama'a ne ba su iya lissafi ba, in rufe baki. Amma akwai ɗaya rabin, kuma shi ne ya fi ci min rai a matsayina na mai wannan sana'a.

Rumfunan zaɓe a ƙasar nan sun haura 176,000. Ba mahalukin da zai iya ganinsu duka da idonsa. Saboda haka aka yi mana alkawarin wani abu da zai zama idon kowa. Na'urar BVAS za ta tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, idan an gama ƙirga kuma jami'in rumfa ya ɗauki hoton takardar sakamako, wadda ake kira EC8A, ya ɗora ta a shafin IReV, inda duk mai waya da data zai iya gani. Wannan alkawari ne ya fito da matasa da yawa daga gida. Sun yarda cewa a wannan karon ba za a canza alƙaluma a hanya tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako ba, tunda hoton asali yana sama kowa na kallo.

Ranar 25 ga Fabrairu da yamma, sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai ya fara hawa. Na shugaban ƙasa ya ƙi. Washegari hukumar ta fitar da sanarwa cewa tangarɗar na'ura ce, ba zagon ƙasa ba. Cikakken bayani sai a rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024. A cewar rahoton, an tsara shafin ne ya riƙa ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jihar da zaɓen ya shafa. Kujerar sanata tana da jiha, ta ɗan majalisar wakilai tana da jiha. Kujerar shugaban ƙasa kuwa mazaɓarta Najeriya ce gaba ɗaya, ba ta ƙarƙashin kowace jiha. Da hoton ya iso, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi, ta mayar da saƙon da muke kira kuskure na 500, wanda ma'anarsa ita ce matsalar daga can cikin gida take. Rahoton ya ce sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta shugaban ƙasa ta samu hawa.

Da na karanta wannan bayanin ban ga abin da ya gagari hankali ba. Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja ya san irin wannan ramin. An fara amfani da IReV a 2020, aka yi zaɓen gwamna da shi a jihohi irin su Anambra da Ekiti da Osun, kuma duk waɗannan zaɓuka ne na cikin jiha. Zaɓen shugaban ƙasa bai taɓa bi ta kansa ba sai a ranar. Manhaja tana iya yin shekaru lafiya lau, sai ranar da aka kawo mata abin da ba a taɓa gwada ta da shi ba, ta durƙushe.

Sai dai na san wani abu kuma daga aikin nan: wanda ke waje ba shi da hanyar bambance tangarɗa da sata. Ka je wurin mai POS, a cire maka kuɗi, na'ura ta ce bai yi ba. Ba za ka tsaya tunanin wace kwamfuta ce ta kasa amsa wa wata ba. Cewa za ka yi an ci kuɗinka. Abin da ke kwantar maka da hankali shi ne rasit a hannu, da wanda zai yi maka bayani nan take, da kuɗin su dawo kafin ka kwana. Idan aka bar ka da shiru, kai za ka rubuta wa kanka bayanin, kuma ba mai daɗi za ka rubuta ba. Balle a ƙasar da ta ga zaɓen 2007, wanda shi kansa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ci ya amsa cewa akwai kurakurai a cikinsa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A cikin waɗancan sa'o'i na shiru aka haifi yawancin abin da mutane suka riƙe har yau. Hotunan takardu suka yi ta yawo, wasu na gaske, wasu an goge an sake rubutawa, wasu ba a ma san daga ina suke ba. Wakilan PDP da na Labour suka fice daga zauren tattara sakamako a Abuja, suna cewa a dakata sai an ɗora takardun. Ba a dakata ba. Lokacin da aka yi sanarwar asuba, akwai rumfuna masu yawa da hotunansu ba su hau ba tukuna.

Kuma masu shakka ba duka ne suke bin jita-jita ba. Ƙungiyar sa ido ta Yiaga Africa ta ce alƙaluman da aka sanar na jihohin Ribas da Imo ba su yi daidai da abin da masu sa idonta suka tattara ba. Daga baya 'yan jarida, ciki har da na BBC da Premium Times, suka zauna suka tara takardun Ribas ɗaya bayan ɗaya daga shafin, suka nuna cewa a wasu ƙananan hukumomi jimillar ta sha bamban da abin da aka sanar. Abin lura a nan, da shafin nan da ya makara aka gano hakan. Ashe idon yana gani, buɗewa ce bai yi a kan lokaci ba.

Atiku da Obi suka tafi kotu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta kori ƙararsu ranar 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Oktoba 2023, tana mai cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya rushe zaɓe ba, domin a doka takardun hannu ne ake tattarawa. Shari'a ta ƙare a nan. A zaurukana biyu kuwa ban ga mutum ɗaya da hukuncin ya sauya wa ra'ayi ba. Kawu ya ce dama ya faɗa. Baffa ya ce ya bar su da Allah. Abokin aikina ya daina maganar siyasa ɗungurungum, ya koma neman bizar Kanada. Abin da ya sake haɗa bakin Kawu da ƙanina shi ne kuɗin fetur, bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu.

Akwai kuma martanin da ya fi kowane girma, wanda ba ya hawa Facebook. Mutum miliyan 93 da ɗoriya ne suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Kusan kashi 27 cikin ɗari ke nan, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Wasu rashin kuɗin mota ne ya hana su, wasu tsoro, wasu kuma sun daɗe da yanke ƙauna cewa ƙuri'arsu tana ƙirguwa. Tsorona shi ne matasan da alkawarin na'ura ya fito da su a 2023 su koma cikin wannan rukunin, don wanda ya fito sau ɗaya ya ji an yaudare shi ya fi wanda bai taɓa fitowa ba wuyar lallashi.

Saboda haka buƙatata ga masu gina irin waɗannan na'urori ƙarama ce, kuma ita ce muke yi wa kowace manhaja kafin mu sake ta ga jama'a. A gwada ta da ainihin abin da za ta ɗauka, a gaban wakilan jam'iyyu da masana na waje. Idan ta tsaya, a fito cikin sa'a guda a faɗi abin da ya tsaya da lokacin da za a gyara, da harshen da Umma za ta gane a rediyo. Kada a bar mutane su kwana da shiru.

Mu kuma namu aikin yana rumfa. Ka tsaya har a gama ƙirga, ka ɗauki hoton takardar, idan ta hau shafi ka gwada ka ga ko ita ce. Idan ta bambanta, kana da hujjar da ta fi saƙon murya dubu. Idan ta yi daidai, to ka tuna rumfarka ɗaya ce cikin sama da 176,000, kuma akwai wani a Inugu ko Ogbomosho ko Maiduguri riƙe da nasa hoton, yana da yaƙini irin naka.