Sa Hannun da Na Hana Ɗalibina

Malamin jami'a yana sa hannu a takardu fiye da yadda mutane ke zato. Baya ga takardun jarrabawa da kundin bincike, akwai wasiƙun shaida ga masu neman aiki, da fom ɗin masu neman tallafin karatu, da na masu neman wanda zai tsaya musu. A shekarun da na yi ina koyar da lissafi, da wuya in mayar da ɗalibi hannu rabbana, domin na san abin da ke jiran su a waje. Sau ɗaya ne na ƙi, kuma dalilin ƙin nake son in shimfiɗa wa mai karatu.

Wani tsohon ɗalibina ne, haziƙi, wanda ya gama hidimar ƙasa ya zauna a wata unguwa da ke gefen Abuja, shekara uku babu aiki. Ya kawo mini fom ɗin neman zama wakilin wani kamfanin loto, wato cacar lambobin nan da ake kira Baba Ijebu a kan titi. Ya riga ya haɗa hotuna da katin shaida da adireshin ɗan shagon da ya kama, ya kuma ranto kuɗin kafin alƙalami na na'urar da ke buga tikiti. Abin da ya rage shi ne ma'aikaci sananne da zai tsaya masa, wanda kamfani zai kama idan kuɗin ciniki suka yi ɓatan dabo.

Ya ce, "Malam, ni ba wasan zan yi ba. Sayarwa kawai zan yi, a ba ni kamasho. Kuma kamfanin yana da lasisi."

Maganar lasisi gaskiya ce. Tun 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kafa dokar loto ta ƙasa, tare da hukumar da ke ba kamfanoni izini da kuma asusun da ake zuba wani kaso don ayyukan alheri. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce sha'anin loto da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya kuwa ba ta aiki sai a Babban Birnin Tarayya. Saboda haka shagon da doka ta amince da shi a Abuja ko Legas, a Kano Hukumar Hisba za ta garƙame shi, kamar yadda ta yi wa shagunan cacar ƙwallo a 2024. Inda ɗalibina yake zaune, babu ɗan sandan da zai taɓa shi.

Hukuncin addini kuwa ya san shi kamar yadda na san shi, domin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta jera caca da giya a wuri guda. Ban ga amfanin yi masa wa'azin abin da ya haddace tun yana makarantar allo ba. Sai na ɗauko takarda muka yi abin da ya haɗa mu tun farko, wato lissafi.

A wannan wasa lambobi 90 ne, ana fitar da biyar. Wasan da ya fi farin jini shi ne mutum ya zaɓi lambobi biyu, idan duka biyun suka fito a ninka masa kuɗinsa sau 240. Daga lambobi 90 ana iya haɗa tagwaye iri 4,005, kuma guda 10 ne kacal ke ci a kowane zagaye. A ɗauka mutane 4,005 na unguwa ɗaya kowa ya sa naira 100 a kan tagwayensa daban. An tara naira 400,500. Mutum goma za su ci naira 24,000 kowannensu, jimla naira 240,000. Sauran naira 160,500, wato kusan kashi 40 cikin ɗari, sun bar unguwar ke nan. Wanda ya zaɓi lambobi uku ya fi shiga uku: hanyoyi 117,480 ne, goma ke ci, ana biyan ninki 2,100, abin da ke komawa ga masu wasa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Na tambaye shi daga ina kamashonsa zai fito. Ya dubi takardar, ya nuna naira 160,500 ɗin da bakin biro, bai ce komai ba. Wannan ne bambancin mai wannan shago da mai shayi ko mai faci. Mai shayi yana samun riba ne idan abokin cinikinsa ya ƙoshi, wakilin loto kuwa abincinsa yana cikin asarar maƙwabtansa, kuma iya yawan asararsu iya kaurin kamashonsa. Abokan cinikin nan ba attajirai ba ne. 'Yan acaɓa ne da leburori da masu gadi, waɗanda ke tsayawa gaban allon tsofaffin lambobi suna neman sirrin da babu shi, domin na'urar da ke juya ƙwallayen ba ta tuna abin da ta fitar jiya. Wakili zai ga mutum ya ajiye kuɗin cefane a kan kanta, ya san matarsa da 'ya'yansa, ya kuma miƙa masa tikiti.

Amsar da ya ba ni tana da nauyi, ba kuma zan ɓoye ta ba. Ya ce, "Malam, ku kuna da albashi. Idan ban buɗe ba wani zai buɗe, mutanen nan kuma ba za su daina ba." Duka gaskiya ne. Mai albashi, ko da albashin malamin jami'a ne da ba ya kai ƙarshen wata, yana da sauƙin tsantseni fiye da saurayin da ke jin kunyar haɗa ido da mahaifiyarsa. Na ce masa zan tsaya masa a sana'ar POS ko sayar da katin waya da data, zan kuma sa abin da ya sawwaƙa a jarin. Ya yi godiya ta ladabi, ya ninke fom ɗinsa ya tafi, ya ɗauki watanni kafin ya sake gaishe ni. Hakan ya yi mini ciwo. Amma mai tsaya wa mutum yana shaida ne cewa ya ga abin da za a yi ya kuma yarda, ni kuwa na ga lissafin.

Tunda Kotun Ƙoli ta mayar da wuƙa da nama hannun jihohi, ina da roƙo ga majalisun jihohin da suka zaɓi su bar wannan harka. A sa wa duk mai neman buɗe shago sharaɗin manna allo da harshen mutanen wurin, mai faɗin cewa tikiti ɗaya cikin kusan 400 ne ke ci, kuma daga kowace naira 100 kusan 40 ba ta dawowa. An tilasta wa kamfanonin taba rubuta gargaɗi a jikin kwali, ban ga dalilin da zai sa a ɗaga wa masu loto ƙafa ba. Mu malaman lissafi kuma, daga sakandare zuwa jami'a, ya kamata mu riƙa koyar da darasin yiwuwa da wannan misali na bakin titi, yara su ƙirga tagwayen nan 4,005 da hannunsu tun kafin wani ya miƙa musu tikiti ko fom.