RANAR FAƊIN SAKAMAKO TA FI RANAR ZAƁE WUYA

  

Jefa ƙuri'a ba wuya gare shi ba. Mutum ya fito da sassafe, ya bi layi, ya dangwala yatsa, ya koma gida. Inda ake gane halin mutum shi ne ranar da shugaban Hukumar Zaɓe ya zauna gaban 'yan jarida ya karanta adadi, wani ya ci, wani ya faɗi. Ni mutumin Darini ne a ƙasar Batsari, maƙwabtan Safana, kuma tun daga 1979 duk zaɓen shugaban ƙasa da aka yi a Nijeriya a wannan yanki ya same ni. Abin da na lura shi ne mutanenmu kan karɓi sakamako ta hanya uku, watau fushi, da ɗoki, da fid da rai. Kowaccensu na ga inda ta kai mu.

A 1979 muna cikin Jihar Kaduna, domin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai 1987. Jam'iyyu biyar suka tsaya: NPN ta Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Cif Obafemi Awolowo, NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe, PRP ta Malam Aminu Kano, da GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Doka ta ce sai mutum ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Nan aka shiga gardamar sha biyu da biyu bisa uku, wadda ta hana majalisun hira barci. Na tuna malaman makaranta suna zana lissafin a ƙasa da tsinke, dattawa na kallo suna girgiza kai. To, amma Awolowo kotu ya nufa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarshen watan Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. An yi baƙin ciki, an yi habaici, amma a yankinmu ɗan PRP da ɗan NPN sahu ɗaya suka ci gaba da tsayawa a masallaci.

Fushi kuwa, ba mu ga irinsa ba kamar na 2011. An yi zaɓe ranar 16 ga Afrilu. Da aka fara jin cewa Dokta Goodluck Jonathan ya ba Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar CPC rata mai yawa, sai tarzoma ta ɓarke a jihohi 12 na Arewa. Cikin kwana uku, bisa ga ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, an kashe mutane fiye da 800, wasu dubbai suka rasa matsuguni. An ƙone masallatai da coci-coci da shaguna. A Jihar Bauchi aka kashe matasa goma masu hidimar ƙasa, waɗanda laifinsu kawai an tura su aikin zaɓe. A kudancin Kaduna, musamman Zonkwa da Kafanchan, aka yi wa Musulmi kisan gilla da sunan ramuwa. Ko nan Jihar Katsina wutar ta taɓa Funtuwa da Malumfashi. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Shaihu Ahmad Lemu, Allah Ya jiƙansa.

Lalle fushin nan yana da tushe. Mutane sun daɗe suna ganin ana wasa da ƙuri'unsu. Marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya faɗa ranar da aka rantsar da shi a 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyara. Amma zargin maguɗi, ko da ya tabbata, bai halatta jinin mai shagon da ba shi ya tattara sakamako ba. Shari'a ba ta kama wani da laifin wani, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani ga duk wanda ya kashe wanda ba Musulmi ba alhali akwai amanar zaman tare a tsakani. Sa'an nan a duba ribar da aka ci: sakamakon bai sauya da ƙuri'a ko guda ba. Wani ɗan kasuwa da na sani, mai ɗaukar kaya bashi wurin wani Ibo a Kano shekara da shekaru, ya ce mini bayan rikicin mutumin ya kwashe iyalinsa ya tafi, da ya dawo kuma sai ya ce daga yau kuɗi hannu. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Shekara huɗu bayan haka kiɗa ya sauya. An yi zaɓe ranar 28 ga Maris 2015, Buhari ya sami ƙuri'a 15,424,921, Jonathan ya sami 12,853,162. Tun Farfesa Attahiru Jega bai gama karanta jihohi ba, ranar 31 ga wata, Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna. Wannan abu ne da ya kamata Musulmi ya faɗa da adalci: wayar nan ta tsare rayuka masu yawa. A Jihar Katsina kuwa Buhari ya sami fiye da ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, abokin takararsa bai kai dubu ɗari ba.

Murnar da aka yi a ƙasar Batsari ban taɓa ganin irinta ba. An yanka dabbobi, an raba goro, masu shayi sun ba da shayi kyauta, samari sun hau babura uku-uku suna ta wasan ganganci. A biranen Arewa wasu sun rasa rayukansu a wannan wasa. Wani saurayi ya taka da ƙafa tun daga Legas har Abuja. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar wani manomi da ya ce mini daga yau ko ƙofar garke ba zai ƙara rufewa ba, tun da ɗan Katsina, soja kuma, ya hau. A lokacin ɓarayin shanu sun riga sun addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu, mutane kuwa sun ɗora dukan begensu a kan mutum ɗaya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai na tsawaita ba. A 2019 mutanen Katsina suka sake ba Buhari fiye da ƙuri'a miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A watan Mayu na shekarar 'yan bindiga suka kashe manoma a 'Yargamji, jama'a suka ɗauki gawawwakin har birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A Disamba ta wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren Kankara, alhali shugaban ƙasa yana hutu a Daura. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Ɗan kasuwa ya san abin da wannan ya jawo masa, ma'aikacin da aka tura ƙauye shi ma ya sani. Murna ta koma ciki.

Ba ina faɗin haka don in ci naman mamaci ba. Buhari ya rasu ranar 13 ga Yuli 2025, yana kwance a Daura, hisabinsa na wurin Ubangijinsa, Allah Ya gafarta masa. Maganata a kanmu take. Da ya ci, mun ɗauka aikinmu ya ƙare. Duk wanda ya buɗe baki ya ce ga gyara, sai a ce maƙiyi ne ko ɗan adawa. Alhali kuwa Manzon Allah (SAW) ya sanya nasiha ga shugabanni da talakawa a matsayin jigon addini, kuma Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, da kansa ya roƙi jama'a su taimake shi in ya yi daidai, su miƙe shi in ya karkace. In halifan farko ya nemi gyara, wane shugaba ne zai fi ƙarfinta? Ƙaunar da ta hana ka faɗa wa naka gaskiya cutarsa take yi, kai ma ta cuce ka.

Hanya ta uku ita ce ta bayyana a 2023. Mutane sun shiga zaɓen 25 ga Fabrairu a gajiye, ga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, ga rashin tsaro. Cikin masu rajista fiye da miliyan 93 a ƙasa, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. An ce Bola Ahmed Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726, Alhaji Atiku Abubakar ya zo na biyu, Peter Obi na uku, Dokta Rabi'u Musa Kwankwaso na huɗu. A Jihar Katsina Atiku ne ya zo gaba da ƙuri'a 489,045, Tinubu ya bi shi da 482,283. Waɗanda suka faɗi suka tafi kotu, Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar ranar 26 ga Oktoba. Alhamdu lillahi ba a zub da jini irin na 2011 ba. Amma abin da na ji a bakin mutanenmu ya tsorata ni: "Kowa ma ya hau, duk ɗaya ne." Wasu har suna yi wa maganar ado da ƙaddara.

A nan sai mu yi hattara. Gaskiya ne mulki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so, Yana karɓewa daga wanda Ya so. Amma imani da ƙaddara bai taɓa zama naɗe hannu ba. Manomin Darini ya san damina ta Allah ce, duk da haka yana kai taki, yana shuka, yana noma. Wanda ya ce duk ɗaya ne, shi ne zai sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu, ya kuwa miƙa wa azzalumi abin da yake nema cikin sauƙi.

Waɗannan halaye uku tushensu ɗaya. Mai ƙone-ƙone yana ganin in ba gwaninsa ba duniya ta tashi. Mai ɗoki yana ganin tun da gwaninsa ne komai ya gyaru. Mai fid da rai, gwaninsa ya ba shi kunya, sai ya yanke ƙauna daga kowa. Dukansu sun ɗora wa ɗan Adam nauyin da ba ya iya ɗauka, sun sauke wa kansu wanda ke wuyansu.

Magabata sun bar mana misali ta kowane ɓangare. Ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya shiga garin kansa a sunkuye, ya yafe wa waɗanda suka kore shi. Ga ladabin mai nasara. Sayyidina Hasan ɗan Aliyu yana da mayaƙa masu yawa, amma a shekara ta 41 ya sauka ya bar wa Mu'awiya don kada jinin Musulmi ya zuba. A ƙasarmu ma, da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello, ƙanen Shehu Malam Abdullahi, wanda ya girme shi, ya koma Gwandu da ɓacin rai, amma bai ɗaga tuta ba. Da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kai masa gudummawa, a can suka daidaita, baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ga ladabin wanda abin bai faɗa hannunsa ba.

Saura in yi magana da ku kai tsaye. Kai ma'aikacin gwamnati, sau da yawa kai ne ake ba akwati, kai ke tattara adadi a mazaɓa ko a ƙaramar hukuma. Takardar nan da kake sa wa hannu shaida ce, sauya lamba ɗaya kuwa shaidar zur ce, wadda ke cikin manyan zunubai. Yawancin fushin da ke ƙone gari daga alƙalamin wani ma'aikaci yake farawa. Bayan zaɓe kuma, kada ka duba jam'iyyar mutum kafin ka ba shi taki ko ka sa hannu a takardar fanshonsa. Albashinka daga baitulmalin kowa yake fitowa.

Kai kuma alhaji ɗan kasuwa, kai ne samari ke zama a ƙofar shagonka, maganarka suke ɗauka. Kada kuɗinka su sayi man fetur ɗin da za a ƙone shagon wani, domin wuta ba ta tambayar mai shago addininsa kafin ta tsallaka katanga. Kada ka ɓoye hatsi ana jiran sakamako don farashi ya hau. Kada ka tura labarin da ya faɗo wayarka kafin ka tabbatar da shi, Alƙur'ani ya hore mu da bin diddigin labari. In gwaninka ya faɗi, ka taimaka masa da shaida a kotu. In ya ci, ka rubuta alkawuransa a littafin bashi, ku haɗu da 'yan ƙungiyarku ku je ku tuna masa cikin ladabi, kamar yadda kake bin kowane mai bashi.

Limamai su ma su tuna mumbari na kowa ne, a bayansu akwai wanda ya ci da wanda ya faɗi. Wani zaɓen yana tafe, za a sake karanta adadi, wasu za su yi dariya wasu su yi kuka. Washegari kuwa kasuwar Batsari ɗaya za mu ci, hanyar Katsina ɗaya za mu bi, maƙabarta ɗaya za a kai mu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu, Ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, Ya ba mu shugabanni masu tausayi, mu kuma Ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya. Amin.