Inci Biyun Da Na Ƙi Yankewa

A gidanmu na cikin birnin Kano, da zarar bazara ta kankama ɗaki ba ya kwantuwa. Kowa sai ya naɗe tabarmarsa ya haye saman ƙaramin soro, ban da Kaka, don tsanin gorar da muke hawa ya fi ƙarfin gwiwarta. Shi ya sa Baba ya kira Kawu, kafinta, ya ce a yi matakalar katako. Shekarata 15 a lokacin, watana takwas ina bin Kawu da jakar kayan aiki.

Madaci ya zaɓo a 'yan katako, ya ce gara ba ta cika damunsa ba. Duk da haka sai da muka shafe shi da baƙin mai, muka kuma ajiye duwatsun da ƙafafun za su zauna a kai, don kada su sha ruwan damina. Tsayin soron ƙafa 7 ne, wato inci 84. Kawu ya raba shi hawa 12, kowane inci 7, wurin sa ƙafa kuma inci 10. Ya zana a jikin manyan falankai biyu, muka yanka da zarto, suka fito kamar haƙoran kada.

Ana cikin haka aka aiko masa an yi rasuwa a unguwarsu. Yana saka hula ya ce, "Kafin ka kafa, ka rage inci biyu a gindi." Na ce to. Ban gane dalili ba, kunyar tambaya kuma ta hana ni. A raina ma cewa na yi tsufa ne, lissafi ai ya riga ya cika. Na kafa, na buga ƙusoshi, ina jin kaina.

Ashe kaurin allon da ake takawa yake nufi. Da na ɗora allunan, hawan farko ya koma inci 9, na ƙarshe ya tsuke zuwa 5. Ido ba ya gani, amma ƙafa ba ta mantuwa: in ta saba da bakwai, bakwai take nema a duhu. Daren farko yayata ta yi tuntuɓe a sama, kwanon fura ya riga ta sauka.

Kaka kuwa a ƙasa ta tsaya, ta ɗaga ƙafa sau biyu ta mayar. "Maigida," in ji ta, "so kake ka kashe ni ka auro yarinya?"

Da safe Kawu bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Guduma ya miƙo min, na zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya sa na miƙar da kowace a kan dutse, don ba za a sayi wasu ba. Na rage inci biyun, muka sake kafawa. Kaka ta kwana a saman soron bazara shida kafin Allah Ya karɓi abinsa.