Kyanwar Tsumma

Ina 'yar shekara bakwai babu abin da nake so a duniya kamar kyanwa. Akwai wata baƙa mai farin wuya da ke kwana ƙarƙashin teburin mahauta a Suk Sitta, nan Mayo. Duk ranar da aka aike ni sayen kayan miya sai na tsuguna ina kallonta har tumatir ya yi laushi a hannuna.

Na roƙi Baba. Bai yi faɗa ba, ya dai nuna mini tulu. A lokacin ruwan gidanmu sai mai jakin karo ya kawo, jarka-jarka ake saye. Ya ce, "Uwata, gidan da ke auna ruwa ba ya ƙara baki." Na san kyanwa ba ta shan ko rabin kofi, amma ba a ja da Baba.

Kakata, wadda aka haifa a Maiwurno, ita ta ji kukana. Ta yage gefen tsohon taub ɗinta, ta cusa auduga, ta ɗinka maɓallai biyu a matsayin idanu. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Gaskiya ta fi kama da ɓera. Na sa mata suna Mage, na ƙi jin gyara.

A makaranta Larabci muke yi, kuma in Hausa ta suɓuce maka sai wasu yara su yi ta kiran "Fallata" suna dariya. Sai na koyi yin shiru. Da dare kuwa, a kan angarib a tsakar gida, nakan zaunar da Mage in karanta mata labaran duniya da Hausa, ina kwaikwayon muryar masu cewa "Huna Umdurman": wa ya daki wa, nawa kuɗin gawayi, yaushe habub ya yaye rufin maƙwabta. Ita ce mai saurarona ta farko. Har na fara aikin rediyo, in jar fitila ta kama, ita nake hangowa.

Bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 muka bar gida da jaka ɗaya kowa. Na ɗauki takardar diflomata da maganin Inna. Mage tana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan Kaka. Na tuna da ita muna cikin mota, na ji kunyar cewa a tsaya.

Kwanan baya 'yata ta ce tana son kyanwa. Ɗakin haya muke, mu shida. Na buɗe baki zan ba ta amsar Baba, sai na tambaye ta wace kala.